Gidan Hayar Don Amancio Mai Ɗaki Talatin

Duk wanda ya san layinmu na bayan babbar kasuwar Huancayo ya san matakalar Don Amancio Canchanya. Hawa goma sha tara ce, ta bakwai tana kuka kamar akuyar da aka taka wa wutsiya. A ƙasa Doña Otilia ke suyar dankali mai cushen nama, a sama kuma shi ne zaune gaban kwamfuta da hular ulu har kunne, ko da rana ta take. Da can gyaran keken rubutu yake yi. Da keken rubutu ya mutu aka binne, sai ya koyi haɗa wa mutane shafin intanet, yana da shekara hamsin da 'yan kai. Har yau da yatsa biyu yake bugawa, kamar kaza na tsattsagar masara.

Shafi kuwa ba ya rataya a iska, sai an sama masa wurin kwana. Don Amancio ɗan sari ne. Wani kamfani a Lima, babban birnin ƙasar, yana da babbar na'ura, shi sai ya kama wuri mai faɗi a cikinta, ya yayyanka ya ba mutanensa. Da Otilia ta ce ba ta gane ba, sai ya ce, "Gidan haya ne, maƙwabciya, mai ɗaki talatin. Na kama shi gaba ɗaya ina zuba 'yan haya. In rufi ya yi yoyo ba ni zan hau ba, masu gida zan kira."

Ta ce, "Ashe mai gida ne da mu a layin nan, safarsa kuwa duk huji."

'Yan hayarsa goma sha ɗaya ne. Akwai mai burodi, da mai cire haƙori, da mai akwatin gawa, da su wane da wane. Babbansu shi ne Don Celestino, shugaban masu busa, wanda ke da mutum goma sha shida da ake ɗauka biki. Ɗaki na sha ɗaya na Gumercinda ne, matar Don Amancio, wadda ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Mayafan ulu take saƙawa. Hoto takwas ne a shafin, a na uku ana ganin hannunta riƙe da gefen mayafi. Ba mai saye, don ba sauran abin sayarwa, amma shafin na nan.

Gidan nan fa yana yoyo. Na'urar ba tasa ba ce shi kaɗai, akwai ɗaruruwan mutanen da bai sani ba a cikinta, duk famfo ɗaya suke sha. Da wani mai takalma a Lima ya karya farashi jama'a suka yi masa caa, sai ruwa ya ɗauke a Huancayo, shafin mai burodi ya ƙi buɗewa.

Mu kuma a nan ba a kai ƙara ta waya, kuma ba a hawa gidan mutum hannu rabbana. Wanda shafinsa ya tsaya sai ya nannaɗe wani abu a takarda ya hau matakala. Mai burodi da burodi mai zafi, Celestino da cukun garinsu, mai akwatin gawa da ayaba, don abin da yake sayarwa ba ya kyautuwa. Mutum zai zauna a kujerar Gumercinda yana zagi yana shan shayin ganye, ba zai tashi ba sai an gyara. Don Amancio sai ya kira Lima ya buɗe murya kowa ya ji. Can kuwa Señorita Dalila ce ke ɗauka, ma'aikaciyar da ke kula da 'yan sari. Shekara shida suna magana, bai taɓa ganin fuskarta ba. Ta san ranar da Gumercinda ta rasu, don ran nan ma ya kira ta, wai a duba masa wani abu.

"Don Amancio, yau kuma wa ya kwanta?"

"Mai haƙori, 'yata. Ga shi nan yana hararata."

"Ka ce masa ya buɗe baki ya ce aaa, minti goma."

Masu hawowa da ƙara su ne iyakar baƙin da yake yi. 'Yarsa ɗaya, Maribel, tana Italiya tana jinyar tsofaffin wasu, ran Lahadi take kira.

Bara, ana saura wata guda bikin Santiago, lokacin da kowane mai shanu ke neman masu busa don ranar ɗaura wa dabbobi ƙyalle a kunne, shafin Celestino ya faɗi sau uku cikin mako guda. A karo na uku ya hau matakala ba cuku. Ko zama bai yi ba.

"Amancio, tun muna yara na san ka, shi ya sa na zo da ƙafata. Biki biyu sun kuɓuce mini shekaranjiya. Mutum sha shida ke ci a bayana, wata ɗaya muke da shi a shekara. In ya sake faɗuwa zan kwashe kayana, kuma ka san mai burodi surukina ne."

Da ya sauka, Otilia ta leƙo ta ƙasan matakala. "Mai gida, na ga ɗan haya ya fito ba ya dariya. Ko masai ne ya cika?"

Ya rufe ƙofa ya ɗauki waya.

Ya kira Dalila. Ita ce ma ta faɗa masa gaskiya. Ta ce hanya biyu ce. Ko ya zauna a sari ya ci gaba da haƙuri, ko ya koma abin da suke kira VPS, wato a yanka masa nasa yanki na na'ura, a kewaye da katanga, famfonsa daban, ba mai shan ruwansa. Sai dai fili ne fetal za a miƙa masa da makulli. Shi zai yi gini, shi zai yi gadi, shi zai yi shara.

"To in rufi ya yi yoyo fa?"

"Kai za ka hau, Don."

"Ke fa?"

"Ni ta 'yan sari ce. Can ba a kira. In na'ura ta mutu gaba ɗaya sai ka rubuta, wani ya amsa."

Ran Lahadi Maribel ta ce, "Baba, wannan ma abin tunani ne? Ka koma mana. Ka huta da mutanen nan masu hawo maka da ayaba."

Ya ce, "Haka ne."

Kwana tara yana juya abin. Karatun bai ba shi tsoro ba. Mutumin da ya taɓa warware keken rubutu gunduwa-gunduwa ya mayar ba ƙusa ɗaya da ta yi saura, baƙin allo da farin rubutu ba za su kore shi ba. Ya sayi littafin makaranta mai layi, ya cika shi da umarnin da ake ba na'ura, kowanne da bayaninsa da jan biro. Abin da ya tsaya masa a wuya daban ne, kuma ba ya faɗuwa. Wa zai ce wa Celestino, bar shafinka ya riƙa faɗuwa don in riƙa ganinka?

A kwana na goma ya kwashe 'yan haya. Ɗaya bayan ɗaya, da yatsa biyu, Celestino a gaba. Ya kwashe goma.

Aiki kuwa ya yi kyau, har ya yi yawa. Santiago ta zo, gari ya cika da busa tun daga bakin kogi har kan tudu, shafin Celestino ko tari bai yi ba. Suka yi biki ashirin da uku. Celestino ya aiko da cuku guda cur, amma ta hannun direban tasi, wanda ya ajiye wa Otilia a ƙasa ya wuce.

Agusta ta wuce. Hawa ta bakwai ba ta yi kuka ba sai in shi ya taka ta. Ya riƙa dafa shayi a ƙaramar tukunya. Da safe zai buɗe baƙin allon, ya tambayi na'ura lafiyarta, ta amsa da layi ɗaya cewa kwana kaza ke nan ba ta tsaya ba. Kullum adadin na ƙaruwa, shi kuma yana kallo kamar mai kallon tsawon jikan wani.

Otilia ta ce, "Mai gida, ka gyara gida har ka kori mutane. Ko in hau in fasa maka wani abu?"

"Gwiwarki ba za ta kai ki ba."

"Wannan gaskiya ne."

Wata Alhamis da la'asar abin ya zo masa. Yanzu makulli duka na hannunsa. Umarnin kashe shafi yana cikin littafin, kalma uku, da jan layi a ƙasa. Ya kashe na mai burodi awa ɗaya rak, wa zai sani? Nan da rabin awa zai ji matakala, da ƙamshin burodi, da zagi. Ya buga kalma ukun. Ya ɗora yatsa a kan maɓallin ƙarshe. A ƙasa mai yana ƙara a kaskon Otilia. Ya tuna ran Alhamis ne makarantu ke aiko wa mai burodi odar Juma'a. Ya daɗe a haka, sannan ya goge kalmomin harafi-harafi, ya rufe littafin.

Sai ya ɗauki waya ya kira Lima.

"Don Amancio. Na ɗauka ka manta da mu."

"Ina ni ina mantawa. Akwai sauran ɗan haya a wurinku."

Ya ji tana buga wani abu. "Na gani. Gumercinda, mutum ɗaya a gida mai ɗaki talatin. Bari in mayar da kai ƙaramin tsari, mai ɗaki ɗaya. Ya ishe ta."

"Shi ƙaramin, ana kira?"

"A'a. Rubutu ne."

"To bar ta inda take. Ba ta son matsi."

Dalila ta ce, "To me ya same ta yau?"

"Kamar hoto na uku yana nauyin buɗewa."

"A nan ya buɗe tsaf, Don."

"Ki dai duba, 'yata. Ba sauri nake ba."

Ya jingina wayar da kofin shayi, ya gyara hularsa, ya buɗe shafin shi ma. Ga hannun nan riƙe da gefen mayafi.

"Ina dubawa," in ji Dalila. "Ya sanyin Huancayo?"