Lado da Albasar Firji

Lado mutumin Aliero ne, kuma duk wanda ya san Aliero ya san albasa. A lambunta aka yaye shi, a lambunta ya fara furfura. Shekarar da ruɓa ta cinye masa rumbu guda sai ya sayar da injin ban-ruwansa, ya bi wani ɗan garinsu zuwa Riyad. Ya fi shekara goma yana kula da lambun wani gida a unguwar Nasiriyya, ni kuma Sha'aban ni ke tuƙa motar gidan. Ɗakinmu ɗaya. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma taurin kai, ko jaki ya shafa masa lafiya.

Gidan na wata tsohuwa ce da muke kira Mama. Babban ɗanta Usaid shi ne kafilinmu, wato mai ɗaukar nauyin zamanmu a ƙasar, iƙamarmu, takardar izinin zama, a hannunsa take, kuma ya daɗe yana cewa Lado ya tsufa, gara a ba kamfani lambun. Mama ce kaɗai ke tsaya masa. Ga shi 'yar Lado, Ikilima, tana ajin ƙarshe a makarantar jinya a Birnin Kebbi, kuma da albashin lambun nan take karatu.

Bara, da zafi ya fara raguwa, aka kawo wa Mama tsarabar irin wani fure daga Istambul, tulif sunansa. Ta sa 'yar aiki ta zuba shi a firjin kicin ɗin waje, ta tafi ziyara Madina. Lado ya buɗe firji neman ruwa, sai na ji salati.

"Sha'abu, zo ka ga ɓarna! Wane marar hankali ya sa iri cikin sanyi?"

Na leƙa. Albasa ce sak, ƙanana, da ɓawonta ja-ja. Na ce, "Baba Lado, ba kai ka ajiye ba, bar wa masu kaya kayansu."

"Kai dai riƙe sitiyarinka. Wagga albasa in ta sha damshi ruɓewa za ta yi, ni na sani."

Ya kwashe ta tas, ya baza a kan buhu a inuwar katanga, yana juya ta kowace safiya yadda ake yi a garinsu. Har kallona yake yana murmushi, shi a dole ya ceci dukiyar mutane.

Aka yi makonni Mama ta dawo. Ina tura ta a keken marasa lafiya a cikin lambu muka zo dab da buhun, ta lura da shi, ta ce in tsaya. Ba ta yi faɗa ba, ni dai gara ta yi.

"Ya Lado," in ji ta, "wannan ba 'yar ƙasarku ba ce, ba kuma 'yar tamu ba. Asalinta duwatsu ne can bayan Farisa, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni. Daga can Turkawa suka kai ta lambunan sarakunansu, Turawa kuma suka ɗauka a wurinsu. In ba ta sha sanyi ta ƙoshi ba, ba ta fure. Sanyinmu na nan bai ishe ta ba, shi ya sa ake yi mata na firji, a shuka in hunturu ya kankama." Ta ƙara da cewa haka marigayi maigidanta ke yi duk shekara, kuma rabonta da ganin furen tun rasuwarsa.

Faɗan da ba ta yi ba Usaid ya yi wa Lado shi da yamma. "Iƙamarka za ta ƙare a Maris. In furen Mama bai fito ba, tikitinka na tafiya ne kawai, babu dawowa."

Aka mayar da irin cikin sanyi, daga ranar Lado ya zama maigadin firji. Mutumin da ya rantse sanyi na kashe albasa, shi ne yanzu ke hararata in na daɗe da ƙofa a buɗe. Wata rana na sa tuffata a ciki, ya fito min da ita, wai Mama ta ce iskar tuffa na kashe furen tun yana cikin iri. Na ce to, ustazun tulif, Allah ya ƙara ilimi! Ko dariya bai yi ba, kuma gaskiya ya ba ni tausayi.

Lokacin shuka ya zo ya soma wucewa, sanyin da ta sha bai cika ba. In ya ƙara jira zafin Riyad ya riske ta, in ya shuka tana iya yin ganye zalla. A farkon Janairu ya yi bismilla ya binne ta a tukwane, tsinin a sama, ya jera su inda ranar yamma ba ta kaiwa. Ganye ya fito, fure shiru. Lado ya daina ƙarasa abincinsa, ya daina yi min gardama, abin da ban taɓa zaton zan yi kewarsa ba.

Ana dab da shiga Maris, da safe ina wanke mota, na ji ya kira ni da wata irin murya. Na saki tiyo na ruga. Fure ne ya fito a wata tukunya, ja jawur, amma gajere, da ƙyar ya ɗaga kai sama da ganye. Wasu tukwanen ma ko alama babu. Na ce a raina, wannan ɗan tsugul ɗin ne zai ceci mutum?

Aka turo Mama, Usaid na bayanta yana latsa waya. Idonta ba ya gani sosai, sai Lado ya ɗauki tukunyar ya ɗora mata a cinya. Ta shafa furen da yatsa, ta daɗe, hawaye na bin kuncinta.

"Sanyi bai ishe shi ba, amma ya fito," in ji ta. Ba ta ko waiwaya ba ta ce, "Usaid, sabunta wa Lado iƙamarsa. Baɗi shi zai shuka min."

Alhamdulillahi! Ni kaina sai da na jingina da katanga.

Da muka koma ɗaki Lado ya durƙusa ya jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado, ɗaure tam da igiya, har an rubuta Aliero a jiki. Ashe tun watan jiya ya haɗa kayansa ban sani ba. Ya yi ta fama da ƙullin, yatsunsa sun ƙi.

"Sha'abu," ya ce, "zo ka kwance min."