Jikan Masassaƙi

An yi mini tayin sunan wani, na ƙi karɓa. Shi ya sa na daɗe a Jidda ba takarda.

A nan Jidda, unguwar Mahjar, aka haife ni. Kakana ya zo hajji a ƙasa daga Damagaram, bai koma ba. Turmi da akushi yake sassaƙawa, har aka riƙa ce mana gidan Masassaƙi. Ban tarar da shi ba. Matarsa, Iya Gambo, ita ta rene ni. Bayan magariba take soya gyaɗar sayarwa a ƙofar gida, mu jikoki mun kewaye kaskon, mai kai hannu ya sha ludayi.

Sai ta ce, "To ga ta nan. Bakin da ke tauna, kunnensa ba ya ji."

Tatsuniyar kura ta fi maimaitawa. Yunwa ta kai kura wurin wani masassaƙi, ta ce ya yi mata fuskar rago. Ya yi, har da ƙaho. Ta ɗaura, ta shiga gari. Aka kai ta turke, dusa safe da yamma, ta yi ƙiba, ta manta kukanta. Ran layya aka zo da wuƙa. Ta buɗe baki ta ce ita kura ce, sai kukan rago ya fito.

Na ce, "Iya, ai laifin masassaƙin ne."

"Kai, mijin banza, shi ya kira ta? Yalla, miƙo gawayi."

Bayan rasuwarta wani dattijo mai takardar ɗan ƙasa ya kira mu, ni da Sale ɗan baffana. Ya ce zai sa mu cikin 'ya'yansa, mu ɗauki sunan gidansa, halas, shi ke nan. Alheri ya nufa. Sale ya karɓa. Ni na ce na gode, ina da uba.

Na sha wuya. Na yi dako a unguwar Bagdadiyya, in na hango 'yan sanda in shige lungu. Sale kuwa yana unguwar Safa, ga mota ga gida. Gaskiya, ba wanda ya yanka shi. Amma ran da aka kwantar da mahaifiyarsa a asibiti aka nemi ɗanta ya sa hannu, takarda ta ce shi ɗan wata ne. Ina tsaye a gefensa. Ranar na daina ganin laifin masassaƙin.

Daga baya na sami kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya mini. Har yanzu ina Mahjar, motar ruwa nake ja. Iƙamata, takardar zamana, duk shekara sai an sabunta, amma sunan ubana da na kakana ne a kai.