Lawashin Mahaifina a Ƙarƙashin Madubi

Shekarun baya can, Turawa na mulki, ina ƙaramin malamin gona a Bodinga. Daga samun keke da gajeren wando sai na ɗauka ilimin duniya a aljihuna yake.

Wani rani albasar mahaifina a fadamar Danchadi ta kamu da ciwo. Lawashin ya soma rawaya, yana kwantawa. Na ce masa, "Baba, kwantar da hankalinka, Baturen gona na da madubin da ke nuna cikin ganye." Ya ce in bari, ya taɓa ganin irinsa, akan tsira da rabi. Ban ji ba. Na tsinko ganye biyu, mai lafiya da marar lafiya, na kai ofis.

Baturen ya yanka mai lafiyar siriri, ya ɗiga ruwa, ya ce in leƙa. Ashe ganye ɗakuna ne ƙanana a jere, kowane da bangonsa, cike da ƙwayoyi koraye. Ya ce nan tsiro ke haɗa abincinsa da hasken rana. Da ya sa ɗayan, sai na ga bangayen sun rushe, wani abu kamar zare ya ratsa su.

Ya tambaye ni gonar wa ce, na faɗa da alfahari. Ya ce a tuge albasar duka a ƙone kafin ciwon ya shafi maƙwabta. Ni aka ba takardar in kai wa hakimi.

Ranar da dogarai suka zo tuge albasar, mahaifina na tsaye bakin rijiya. Ya ce, "Malam, mi kag gani cikin madubin?" Bai taɓa kirana Malam ba. Na yi masa bayanin ɗakunan. Ya ce, "To maganin fa?" Na ce babu. Ya kaɗa kai, ya ɗauki gugansa ya nufi gida.

Albasar nan ita ce abincinmu har kaka. Kafin damina ya tafi cin rani Kurmi, can zazzaɓi ya kashe shi. Ko kabarinsa ban sani ba.

Na yi shekaru ina gaya wa kaina Baturen na da gaskiya, wataƙila ma yana da ita. Gonakin maƙwabta sun tsira. Amma har mahaifiyata ta rasu ba ta taɓa tambayata yaya aiki ba, ni kuma ban taɓa samun bakin ba ta haƙuri ba.