Keken da Yaya ya bar mini

Ranar da likita ya kwance abin awo daga damtsena, bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce jinina ya hau ƙwarai, magani kaɗai ba zai isa ba, sai na motsa jiki. Ya tambaye ni da me nake zuwa aiki. Na ce da moto, wato babur. Ya kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a wajenmu, ya ce, "To Mushe, ka ajiye shi ka nemi keke." Tsoro ya kama ni, don hawan jini ne ya kayar da mahaifinmu a bakin masallaci, bai ƙara magana ba har ya rasu.

Ina koyarwa a wata makaranta da ke kan hanyar Tsauni, gidana kuma yana cikin Matamaye. Na sayar da moton, na sayi keke. Da farko na sha wuya, wallahi. Cinyoyina suka yi tsami, rairayi ya riƙa riƙe ƙafar keken. Daga baya jiki ya saba. Jiri ya tafi, barci ya dawo. Na daina tsayawa wajen masu sayar da esansi, wato fetur, a kwalba, rigata ta daina warin hayaƙi. Sai a lokacin na lura gawo ya yi yawa a gonakin bakin hanya, har ina jin kukan kurciya a kansa. Shekara da shekaru ina wucewa da ƙarar inji a kunne.

Amma ban gaya wa kowa dalili ba. A gidanmu namiji ba ya tallan ciwonsa. Mutanen gari kuwa suka yanke nasu hukunci: wanda ya sauka daga moto ya hau keke, ai karaya ce. Aka fara gaishe ni da murya ƙasa-ƙasa, "Sannu Mushe, Allah ya mayar da alheri." Wata maƙwabciya har da aiko mana da gero. Raina ya ɓaci matuƙa. Ni na ce musu ina jin yunwa?

Maganar ta kai kunnen yayana, Alhaji ne, ɗan kasuwa mai rumfa a bakin tasha. Ana cewa yana da hali amma ya bar ƙanensa yana gumi a kan titi. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga sabon moto a ƙofar gidana, mutane sun kewaye shi suna sa albarka. Ba a mayar wa na gaba da kyautarsa, balle wadda aka yi a idon jama'a. Idan na hau, na san inda zan ƙare. Idan na ƙi, na ci mutuncin mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu.

Da la'asar na tura moton da hannu har zaurensa. Ya dube ni, fuska a ɗaure.

"Ya yi maka kaɗan ne?"

"A'a, Yaya. Ciwon Baba ne ya kama ni. Likita ya ce in hau keke."

Sai ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa, ya fito da ƙwayoyin magani irin nawa sak.

"Ni ma haka ya ce mini," in ji shi. "Amma ka taɓa ganin Alhaji da babbar riga a kan keke? Kafin in kai tasha an ce na ci jarina. Wa zai ƙara ba ni amanar kayansa?"

Tausayinsa ya kama ni har idona ya cika.

Ya ce, "Bar moton nan. Duk wanda ya tambaye ka, ce ni na karɓe abina."

Haka kuwa aka yi. Gari ya ɗauka cewa Alhaji marowaci ne, ya ba da kyauta ya ƙwace. Bai taɓa kare kansa ba, ni ma ya hana ni buɗe baki. Bai kai damina ta gaba ba. A wajen zaman makoki ma na ji wani yana raɗa maganar moton.