Baba, Aljebra da Falmata

Shekara tara ke nan a wannan watan da muka kai Baba makwancinsa a Yola. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, tsofaffin ɗalibansa sukan cika waya da yabo. Wannan ya ce shi ya buɗe masa kai, wancan ya ce ba don shi ba da yanzu yana tura baro a kasuwa. Ni kuwa ɗansa na fari sai in karanta, in ce amin, in kife wayar. Bana na ce bari ni ma in faɗi nawa, ko da yake nawa ba shi da daɗin ji kamar nasu. Kishi ne, kuma ba zan sa masa wata riga ba.

Baba malamin lissafi ne, ya koyar a sakandare har ya yi ritaya ya dawo ya zauna a gidanmu na Wuro Hausa. Abin da ya fi ƙauna a duniya shi ne aljebra, wato lissafin nan da ake ajiye harafi a gurbin lambar da ba a sani ba, a yi ta juyi har a gano ta. Ni da ita tun a aji biyu muka raba gari. Na faɗi jarrabawa, na sake, na sake faɗuwa, sai na kama shagon fenti a Jimeta. Da shagon nan na yi aure, na gina gida a Nassarawo, kuma ban taɓa wayar gari wani ya shigo ya ce in nemo masa x ba. Duk wanda ya tambaye ni amfanin aljebra a rayuwa, amsata a shirye take: babu.

Sai dai ba a nan ciwon yake ba. Wanda ya tashi a tsohon garin Yola ya san kunyar ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa, ba ya zama da shi a tabarma ɗaya. Baba ya riƙe wannan al'ada kamar farilla. Ina yaro ni ne "yaron nan", da na girma na koma "mai shago". Ƙannena ya zaunar da su ya koya musu lissafi, ni kuwa ya tura ni wurin wani malami abokinsa. Ban yi ƙorafi ba, don haka na ga ana yi a kowane gida. Na ce a raina mutum ne mai kamewa, bakinsa ba ya yabon kowa.

Wannan uzurin ne ya rushe shekarar da rikici ya koro mutane daga Borno da arewacin Adamawa, Yola da Jimeta suka cika maƙil, kowane gida da baƙinsa. Namu rabon wata mata ce da 'yarta Falmata, budurwa siririya mai shekara goma sha wani abu. Mahaifiyata, Dada, ta share musu ɗakin kusa da zaure. Sun rabu da uban yarinyar a daji wajen gudu, babu wanda ya san ko yana raye. Da farko Falmata ba ta magana da kowa. Baba ne ya lura tana tsayawa tana kallo idan yana duba wa yaran maƙwabta aikin gida, sai ya sa aka fito masa da tsohon allonsa, aka jingina shi a gindin mangwaro.

Wata Juma'a na zo gaisuwa da kifi a leda. Tun daga zaure na ji abin da ban taɓa ji ba: Baba yana dariya har da tafi.

"Falmata! Kin gani? Ke da kanki kika kamo shi. Falmata, kanki yana ja!"

Na tsaya da ledata ina sauraro. A zama ɗaya ya kira sunanta fiye da yadda za a ce an ƙirga. Da ya ga inuwata sai ya gyara fuska, ya dubi Dada ya ce, "Mai shago ya zo. A ba shi ruwa." Ashe bakin nan ya iya yabo, ni ne dai ba a yi shi domina ba.

Dada ta gane tun kafin in zauna. Ta ja ni madafa ta ce, "Kai babban mutum da gemu, kana kishi da yarinya wanda ya gudo da zani ɗaya? Ka ji kunya mana." Na ji kunyar, amma kishin bai tafi ko'ina ba. Na dai yi masa dabara na mai da shi shawara. Bayan sallar la'asar na ce wa Baba, cikin ladabi, yarinyar nan keken ɗinki take bukata, abin da zai ciyar da ita da uwarta. Me x zai tsinana wa wanda ba shi da gida?

Bai dube ni ba, don ba ya dubana in muna magana. Ya ce, "Ta bar ubanta a daji, ba ta san inda yake ba. Ka bar ta ta sami abu ɗaya a duniya wanda in ya ɓace ana iya nemo shi."

Ban sake tayar da maganar ba. Uban Falmata bai taɓa dawowa ba, ita kuma ba ta bar gindin allon nan ba har ta koma makaranta. Da ciwon ajali ya kwantar da Baba, ni nake ɗaga shi, ni nake juya shi, ni nake kai shi kewaye. In na gama yakan ce "Allah ya yi albarka" yana kallon bango. Amma da ya ɗan farfaɗo, tambayarsa ita ce, "Falmata ta rubuta jarrabawar?" Na yi ta jira ko sau ɗaya bakinsa ya suɓuce ya kira ni. Har ya cika bai suɓuce ba.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan. Yanzu yaro sai ya ɗauki hoton tambaya da waya, kafin ya ajiye ta amsa ta fito. Na san zai karɓi wayar ya jujjuya, ya ce to ita ta iya, kai fa? Zai yi murna da ya ga Falmata, don yau malamar lissafi ce a wata makaranta a Demsawo, da yamma kuma yara suna cika ƙofar gidanta. Ni kuwa zai same ni inda ya bar ni, a bayan kanta, hannu duk fenti.

Abin da ya kai ni ƙofar nan tata 'yata ce ta fari. Tana sakandare, ta gaji kaina a lissafi kaf. Ta zo mini da tambayar da na fi kowa sanin amsarta: "Baba, wai me aljebra zai yi mini in na girma?" Uwarta ta ce a kai ta wurin Falmata. Na ce akwai malamai a Nassarawo. Na ce Demsawo da nisa. Zango guda na yi ina kawo dalilai, yarinya tana ta kwaso jan biro, har dalilan suka ƙare na sa ta a keke napep muka tafi.

Falmata ta durƙusa ta gaishe ni da sunan da ake kiran yaya a Fillanci, ta ce, "Hamma, yau kai ne a gidana?" Ta shimfiɗa mini tabarma a gefe. Allon Baba ne a jingine, Dada ta ba ta bayan rasuwa, wannan ma sai da ya sosa mini rai. Ta ɗauki alli ta ce da yaran, "To, mai fenti ya dawo." Suka kwashe da dariya kamar an ambaci wani ɗan unguwarsu. Ta ce wani mai fenti a Jimeta yana son shuɗi mai haske, farin da zai zuba ya ninka shuɗin sau uku, duka kuma bokiti guda za su cika, nawa ne shuɗin? Tambaya ta biyu ma mai fenti ne, ta uku ma shi.

Da aka tashi na tambaye ta inda ta samo mutumin nan. Ta dube ni da mamaki. "Hamma, ba ka sani ba? Duk tambayoyin Baba na mai fenti ne. Kullum haɗinsa daidai yake fita, ba ya cutar kowa a awo. Na taɓa ce masa wannan mutum ba shi da suna ne? Ya ce yana da shi, mai kyau ma, shi ya raɗa masa. Daga nan ya ce in ci gaba da aikina."

Baba bai taɓa taka shagona ba. Ashe yadda nake haɗa fenti ya sani, daga bakin wa, ban sani ba. Mai karatu zai zaci a nan kishin ya mutu. Wallahi ƙaruwa ya yi. Ita ta zauna a gabansa tana jin yadda muryarsa take in yana maganata, rana bayan rana. Ni sai bayan shekara tara na samu, daga bakin wata, a kan tabarmar aro. Na gode mata da gaske, kuma har gobe in na tuna sai kishin ya motsa.

To, aljebra tana da amfani? A shagona har yau ban ga ranarta ba, ido da sabo nake aiki da su. Ga Falmata ita ce ta tashe ta tsaye lokacin da komai ya zube. Ga Baba kuwa, yanzu na gane, nan ne kaɗai wurin da al'ada ta bar shi ya yi alfahari da ɗansa a gaban mutane. Abin da ya rage nasa ke nan: tsohon allo, malama guda, da mai fenti marar suna da yaran Demsawo suka haddace.

A hanyar dawowa yarinyar ta ce mini ta ci tambaya ta farko da ta uku. Na buɗe baki zan ce "to, madalla" ina kallon titi, sai na ji muryar Baba a bakina. Tun da aka haife ta ni ma "ke" nake ce mata, "yarinyar nan" nake cewa in ina maganarta, har a cikin rubutun nan. Ba zan bari ta jira wata ta ba ta labari bayan raina ba. Sunanta Hauwa'u. Ni na raɗa mata, kuma kanta yana ja.