Man Gwaggo Hansatu na Ƙarshe

Ina tsintar gyaɗa a tsakar gida a Dutsin-Ma, maigidana Malam ya shigo bai ko cire takalmi ba, ya ce, "Sa'a, sai haƙuri. An aiko daga Kurfi, Gwaggo Hansatu ta riga mu gidan gaskiya." Na yi salati. Tsakuwar da na tsinta tana hannuna, na rasa inda zan aje ta.

Ƙanwar mahaifina ce. A gabanta na tashi, ita ta koya mani matsar man gyaɗa. Ba ta yarda da ka-ce-na-ce a kan awo. In ta damƙi soyayyar gyaɗa ta murza, za ta faɗi yawan man da ke cikin kwano da abin da zai saura tunkuza, kuma da wuya ta kuskure. Takan ce, "Mai yana ciki tun a gona. Namu lallashi ne kawai ya fito."

Lallashin nan da ruwan zafi ake yin shi. A niƙa gyaɗa, a riƙa ɗiga ruwa ana juyawa har mai ya taso. Sabuwar gyaɗa da tsohuwa ba ruwa ɗaya suke sha ba. Na sha tambayarta, "Gwaggo, ludayi nawa?" Sai ta yi dariya ta ce, "Ke da tambaya kamar alƙali! Tambayi gyaɗar." Ba ta taɓa surka manta da wani abu ba. Mai saye ya yi ƙorafin tsada, ta ce, "Abin da ka cakuɗa nan, can lahira za a tace shi."

Da na isa Kurfi, 'yarta Ladi ta ja ni madafa. Ga niƙaƙƙiyar gyaɗa a turmi, an rufe da faifai; ciwo ya kada Gwaggo kafin ta sa ruwa. Ladi ta ce, "Yaya, ke ta koya wa. Mu fitar da mai, mu soya masar sadakar uku da man hannunta."

Na ɗiga ruwa, na juya har kafaɗata ta sage. Na ƙara. Man ya yi ƙyalli kamar zai taso, sai ya koma. Ban san ko ruwan ne ya yi kaɗan ko na zarce ba. Na waiwaya in tambaya, sai tabarmarta a naɗe jikin bango. Da man maƙwabta aka soya masar sadakar.

Ya Allah, Ka gafarta mata, Ka raba ta da kurakuranta rabuwar da babu sauran gauraye, Ka haskaka makwancinta. Ka ba Ladi da ƙannenta haƙurin rashi. Abin da ya gagari hannunmu, Kai ba ya gagarar Ka. Amin.