Ulun da Inna Ta Zaɓa

A shekarar da yanar ido ta fara rufe wa Inna gani, azumi ya faɗo a tsakiyar bazara. Ni kuwa ban daɗe da dawowa gidanmu na Fagge ba, da 'ya'yana biyu, bayan rasuwar mijina. Wankau nake yi wa ma'aikatan jirgin ƙasa, in wuni durƙushe a kan baho, da yamma in hura gawayin dutsen guga. Bayana bai taɓa daina ciwo ba a wannan shekara.

Maƙwabciyarmu Bayarabiya ce, mutuniyar Ilori, muna ce mata Iya. Kwanuka take sayarwa a kasuwar Sabon Gari. Ita da Inna zamani guda aka kawo su Fagge suna amare, Inna daga Barno, babu mai jin Hausar kirki a cikinsu, da nuni suka fara aron turmi da rariya. Yanzu 'yar Iya ta fari na da tsohon ciki, mijin Iya kuma ya ce da an yi suna za su tattara su koma Ilori gaba ɗaya.

Wata safiya ina shanya Inna ta ce, "Bargo za a yi wa jaririn nan. Ni zan zaɓo ulun, ke ki saƙa."

Da can ita ke saƙa hulunan jarirai da kwarashi, ita ta koya mini, amma yanzu ko bakin kwarashin ba ta gani.

Na ce, "Inna, da wane lokacin? Ga kayan mutane jibge. Mu sayi atamfa da sabulu mana, kamar kowa."

"Iya ba kowa ba ce. Ɗauko mayafinki."

Muka fita da hantsi, tana riƙe da gwiwar hannuna. Kasuwar Kwari muka fara zuwa, kantin wani Balarabe Kwara. Aka sauko mana da curin ulu kala-kala, masu kyau a ido. Inna ba ta dube su ba. Ɗaya bayan ɗaya take ɗauka, ta goga a wuyanta, ƙarƙashin haɓa, ta ajiye.

"Wannan ƙaiƙayi gare shi. Fatar jariri ba za ta ɗauka ba."

Haka muka yi a kanti na gaba, da na gabansa. Rana ta take. Muka gangaro ta mahaɗar Bata, motocin gyaɗa na wucewa, masu kekuna na ta ƙararrawa, ni ina jan Inna gefe, maƙogwarona ya bushe ƙamas. Da muka kusa kasuwar Sabon Gari ta ce kada mu bi ta layin 'yan kwanuka, kada Iya ta gan mu ta gane. Dole muka zagaya ta wajen 'yan katako, hanya ta ƙara tsawo. Ko ƙarfin musu ba ni da shi.

A rumfar wani Ibo mai sayar da zare da maɓallai ta sami mai laushin da take so. Sai kuma aka koma kan launi. Takan ɗaga curi ta ce, "Wannan fa?" in faɗa mata.

"Fari ne."

"A'a. Ba a naɗe ɗan da ake jira a farin ƙyalle."

"Ja ne."

Ta roƙi mai rumfar ruwa kaɗan a moɗa, ta tsoma bakin zaren, ta matse a gefen mayafinta. Ta ce in duba. Ya zuba, ya bar tabo. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Mama, kin fi ni sanin kayana," ya ci gaba da sauko da wasu. Ni dai na sami wani akwaku na zauna, ƙafafuna na zogi, ina tunanin rigunan da na bari a jiƙe.

"Inna, don Allah ki ɗauki ko wanne ne. Jariri bai san launi ba."

Can ta ɗaga wani curi, ta kawo shi daf da fuskarta, ta juya wajen hasken rana. Ta daɗe a haka.

"Wannan ina ganinsa," in ji ta. "Ruwan ƙwai ne, ko?"

Na ce shi ne. Shi muka saya.

Saƙar ta ci sauran azumin. Bayan la'asar nake zama a gindin bango, kwarashi a hannu, yatsuna duk sun tsattsage da sodar wanki, ulun yana maƙalewa a tsagar. Sau da yawa gyangyaɗi ke kwashe ni, in tsallake idon saƙa ban sani ba. Inna ta karɓa ta bi layin da yatsa, in ta ji rami ta ce, "Warware daga nan." In warware. Wata rana na yi kuka, ba don ita ba, don gajiya kawai. Ta yi kamar ba ta ji ba, amma ranar ita ta lallaɓa ta dama kunun buɗa-baki.

Saura kamar taƙi guda ulun ya ƙare. Na koma Sabon Gari ni kaɗai, mai rumfar ya ce irinsa ya ƙare sai kaya sun zo daga Ikko, bai san yaushe ba. Na ɗauki tsanwa mai laushi iri ɗaya, na zagaye bakin bargon da shi. Na faɗa wa Inna, ta shafa ta ce ba laifi.

Bayan ƙaramar Sallah aka haifi mace. Ranar suna Inna ta miƙa wa Iya bargon da hannunta. Iya ta warware shi, ta rungume, ta zauna a bakin gado kusa da Inna, suka yi ta magana ƙasa-ƙasa, ba wanda ya ji abin da suka ce.

Ranar tafiya ciwon gwiwa ya hana Inna fita, ni na raka su tasha ɗauke da ƙullin kwanuka a kai. Da na dawo ta tambaye ni ko an lulluɓe yarinyar da shi. Na ce zafi ya yi yawa, ninke shi aka yi aka kwantar da ita a kai.

Ta ce, "To, madalla."

Ba a yi mako ba wani tela ya kama ɗakunan su Iya, ƙarar kekensa ta cika gidan. Inna ta daina zama a bakin katangar da ke tsakaninmu da su, ta mayar da tabarmarta ƙofar ɗaki. Ni kuma aka ƙaro mini kayan wasu direbobi biyu, na karɓa.